Ciwon Rashi, Zaman Takaba Da Abin Da Ake Kira Yoga

Ina gaida masu saurarenmu na Shema da cikin garin Dutsin-Ma, da Kurfi, da ƙauyukan da ke gefen dam ɗin Zobe. Maganarmu ta yau a kan rashi take. Wadda ke cikin takaba a halin yanzu, da wadda ta binne ɗa, da wadda uwa ko uba ya rigaye ta, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya ba mu haƙurin rashinsu.

A wannan yanki namu ba sai an ba kowa labarin rashi ba. Bayan mutuwar ciwo da ta haihuwa da muka saba gani, ga ta'asar 'yan bindiga da ta bar mata da yawa da marayu. Kuna tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Macen da ke kulle, wadda wayar ce hanyar jin muryar 'yan uwanta na nesa, sai ta wayi gari ko gaisuwar ta'aziyya ba ta iso mata ta nan. To irin wannan baƙin ciki da ake haɗiyewa a ɗaki, shi za mu duba: me yake yi wa jiki, kuma me mace za ta iya yi wa kanta ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Da farko a bar ganin laifin mai kuka. Zafin rashi gwargwadon ƙauna yake zuwa, wanda ba ki so ba ba ya hana ki barci. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wajen shekara 3 kafin Hijira, har suna aka ba ta, Shekarar Baƙin Ciki. Da ɗan Manzon Allah (SAW) Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira, idanun Annabi sun zubar da hawaye. Abin da addini ya hana shi ne kururuwa, da yaga tufafi, da marin fuska, da furta maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara. Kuma bayan rasuwar Nana Khadija, in an yi yanka a gidansa yakan aika wa ƙawayenta da nama. Kun ga ke nan ƙauna ba ta bin mamaci kabari, hanya take sakewa. Ko a ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙin ta'aziyya ta riƙa rubutawa in ta yi rashi, ciki har da na ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837.

Sai mu zo ga jiki. In labarin mutuwa ya faɗo wa mutum, jiki yakan ɗauke shi tamkar farmaki. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, numfashi ya koma gajere a saman ƙirji, jijiyoyin wuya da kafaɗa su ɗaure, ciki ya ƙi abinci, barci ya ƙaurace. A 2012 likitoci a birnin Boston na Amurka suka fitar da binciken da suka yi a kan kusan mutum 2,000 da suka gamu da bugun zuciya. Sun gano cewa a ranar farko ta rashin wani makusanci haɗarin bugun zuciya yakan ninka har sau 21, a makon farko kamar sau 6, daga nan ya riƙa sauka. Akwai ma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, inda firgici ko baƙin ciki ke sa naman zuciya ya saki na ɗan lokaci, kuma mafi yawan masu kamuwa da shi mata ne da suka daina al'ada. Don haka in tsohuwa ta ce ƙirjinta ya yi nauyi tun ranar da Malam ya rasu, kada a ce mata raki ne.

Yanzu ku dubi yadda muke zaman makoki. Mai takaba za ta zauna kan tabarma tun safe har dare tana amsa gaisuwa, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, baya a lanƙwashe, kai a sunkuye. Da an watse sai ta koma ƙuryar ɗaki. Dakan da ta saba, da surfe, da shara, da jan ruwa a rijiya, duk an karɓe mata don tausayi. Wata 4 da kwana 10 a haka, ai dole gwiwa ta sandare, baya ya riƙe, ƙafa ta kumbura. Alhali abin da shari'a ta ɗora mata sananne ne: ta bar ado da turare da kwalli da lalle, ba a ɗaura mata aure, ta riƙa kwana a gidanta. Mai ciki kuwa iddarta haihuwa ce. Su riƙe wuƙa, da hana wanka sai Juma'a, da hana ta fitowa tsakar gida, malamai sun sha faɗa cewa al'ada ce kawai. Kuma in ciwo ya kama ta, zuwa asibiti larura ce da aka yarda da ita.

To a nan ne maganar yoga ta shigo, domin 'ya'yanmu da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da kwalejin ilimi ta Isa Kaita, suna ganin ta a waya suna kawo labarinta gida. Yoga daga ƙasar Indiya ta fito, kalmar kuma a tsohon harshensu tana nufin haɗawa ko ɗaure abu biyu wuri guda. Asalinta tana cikin addinansu, ba ɓoye-ɓoye a nan. Wadda ta bazu a duniya a yau abu uku ta ƙunsa: miƙe gaɓoɓi a hankali, daidaita numfashi, da zama shiru a natsu. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara, aka fara bikin a 2015.

Na san tambayar da ke bakinku: ya halatta? Malaman ƙasashen Musulmi sun tattauna wannan. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bauta da ke cakuɗe da ita. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe, ta haramta wadda ke da ambaton kalmomin bautarsu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Abin da za mu riƙe shi ne, duk wata kalma da ake rerawa wadda ba ki san ma'anarta ba, ki bar ta. Jerin motsin nan da suke kira gaisuwar rana shi ma ki bar shi. Miƙa da numfashi kuwa ba na wata ƙabila ba ne, jaririn da ke goye ma yana yi. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta aika a tambayar mata malamin da ta yarda da shi.

Wani bincike da likitocin Italiya suka buga a 2001 zai ƙara mana haske. Babban mutum yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da suka sa mutane jan carbi irin na Kirista, suka kuma sa su maimaita kalmomin yoga, sai suka ga duka biyun sun sauko da numfashi zuwa wajen sau 6 a minti, bugun zuciya kuma ya ƙara daidaita. Kalmomin ba iri ɗaya ba ne, amma sakamakon ɗaya. Ashe abin da ya yi wa jikin aiki shi ne jan numfashi a hankali. Dalili kuwa, duk lokacin da kika saki numfashi a sannu, akwai jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki wadda ke rage wa zuciya gudu. Ke da kike da tasbihi da istigfari da salatin Annabi, ba ki da buƙatar aron kalmar kowa.

Ga yadda za ki yi, minti 10 zuwa 15 sun isa. Ki zaɓi bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ba a kan ƙoshi ba. Ki shimfiɗa tabarma, ki sassauta ɗaurin zane.

Na ɗaya, numfashi. Ki zauna ki miƙe bayanki, ko ki jingina da bango. Ki ɗora tafin hannu a kan cibiya. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga 4 a zuci, ki ji cikin ya taso, sannan ki sake ta kina ƙirga 6. Ki yi haka sau 10. In kin ji jiri ki tsaya, ki koma numfashinki na kullum.

Na biyu, wuya da kafaɗa, inda baƙin ciki ya fi taruwa. Ki karkata kai dama a hankali, ki tsaya numfashi 3, ki koma hagu. Ki ɗaga kafaɗu zuwa kunne, ki juya su baya, ki sake. Sau 5.

Na uku, baya. Ki durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu kamar mai rarrafe. In kin ja iska ki saki cikin ƙasa ki ɗan ɗaga kai, in kin fitar ki tura bayan sama kamar kyanwa ta tashi daga barci. Sau 6, ba gaggawa.

Na huɗu, ki miƙe tsaye, ƙafafu a ɗan ware, ki ɗaga hannu biyu sama kamar za ki sauko da ƙwarya daga kan rumbu. Ki tsaya numfashi 3, ki ɗan karkata dama, ki karkata hagu.

Na biyar, ki kwanta rigingine, ki sa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Ki bi jikinki da tunani tun daga yatsun ƙafa har goshi, duk inda kika ji a ɗaure ki sake shi. A nan ne hawaye ke zuwa ma wasu. In ya zo ki bar shi ya zuba, ki yi wa mamacin addu'a.

Sai dai a kula. Mai ciki kada ta kwanta rubda ciki, kuma in cikin ya tsufa ta kwanta ta gefen hagu maimakon rigingine. Mai hawan jini kada ta riƙe numfashi, kada ta daɗe kai a ƙasa. Wadda aka yi wa aiki, ko mai jego ɗanye, sai ta ji ta bakin ma'aikaciyar asibiti. Duk motsin da ya kawo zafi a bar shi, sannu ba ta hana zuwa.

Ki haɗa da fitowa tsakar gida da hantsi, ki zagaya ko sau 10 ne, rana ta taɓa jikinki, domin tana ƙarfafa ƙashi kuma tana taimakon barcin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, shara da daka da wanki duk suna cikin lissafi. Don haka ku masu tausaya mata, ku bar mata ɗan aiki. Abinci kuwa, Nana A'isha takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na garin sha'ir da akan sa wa madara ko zuma. In babu sha'ir, kunun gero mai ɗumi da nono ya fi zama da yunwa.

Amma fa ku ji da kyau. Wannan motsi yana sassauta jiki, yana rage damuwa, yana kawo barci, bai kai ya maye gurbin asibiti ba. Ciwon ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, numfashi sama-sama, zufa mai sanyi, shanyewar ɓarin jiki, waɗannan a garzaya babban asibitin Dutsin-Ma ko mafi kusa a take, ko da ranar farko ta takaba ce. Mai shan maganin hawan jini ko na suga kada ta ajiye shi don ana makoki. Haka nan, tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa baƙin cikin rashi da ya zarce wata 6 yana hana mutum harkokinsa a cikin ciwukan da ake magani. In mace ta daina ci, ta daina kula da 'ya'yanta, ko tana cewa gara ta bi shi, kada a tsaya ga cewa iska ce. A yi addu'a, a kuma kai ta ga likita, in ta kama har asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai irin wannan larura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Kalmata ta ƙarshe ga abokan zama da surukai da maƙwabta. Cincirindon gaisuwa yakan ƙare ne daidai lokacin da kaɗaici ke farawa, wato bayan sadakar arba'in. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Uwargida, ki leƙa ɗakin amarya, ku shimfiɗa tabarma biyu ku yi numfashin nan tare, miji ɗaya kuka rasa. In ta ɗauko zancen marigayin kada a katse ta da cewa ta yi haƙuri, a bar ta ta faɗi alherinsa. Marayun nan kuma ke suke kallo, in kin tsaya da ƙafarki su ma za su tsaya.

Nan za mu dakata. Allah ya gafarta wa mamatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.