2.2 Dalilin Tsawon Gashin Kan Ɗan'adam

Kafin a shiga bayanin kitso da wanzanci a Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu, ya dace a san abin da ya sa gashin kan mutum yake buƙatar gyara. Goggon biri da sauran manyan biran Afirka suna da gashi a kusan duk jikinsu, amma da ya kai wani mizani sai ya tsaya. Shi kuwa ɗan'adam, na jikinsa ƙanana ne, na kansa ke tsawo. Kowane sili na kai yakan ƙaru da kimanin santimita 1 a wata, kuma yakan yi shekara 2 zuwa 7 yana tsiro kafin ya faɗi, alhali gashin gira 'yan watanni kawai yake yi.

Masana kimiyyar halitta sun danganta wannan bambanci da zafin rana. Mai tafiya da ƙafa biyu, tsakar kansa ce take fuskantar rana. A shekarar 2023, Tina Lasisi da abokan aikinta sun gwada gashi iri-iri a kan mutum-mutumi mai auna zafi, suka gano cewa gashi mai murɗewa ƙwarai, irin na Bahaushe, ya fi tare zafi, ya kuma rage gumin da jiki zai ɓatar.

Ke nan, gashin da ya daɗe yana tsiro dole a aske shi ko a kitse shi. Wannan buƙata ce ta samar wa wanzami da makitsiya sana'a, tun daga askin suna har zuwa doka da shuku.