Gidan Rumji: Yadda iyaye mata 'yan gudun hijira ke rainon yara ba kaka ba maƙwabciya

Tun daga watan Afrilun 2019 ne mutanen ƙauyukan Sakkwato, Zamfara da Katsina suka fara kwarara zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, suna gudun 'yan bindiga. Zuwa watan Satumban shekarar, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a Nijar aka fi sani da HCR, ta ce adadinsu ya haura 40,000. Akasarinsu mata ne da ƙananan yara.

Ba baƙi ba ne na can-can. Gobirawan Tsibiri da ke gundumar Gidan Rumji da na Sabon Birni a jihar Sakkwato tushensu ɗaya, akwai auratayya, akwai cin kasuwa tare. Shi ya sa da farko a gidajen jama'a aka sauke su. Daga baya, ganin maharan na iya tsallako iyaka, hukumomin Nijar da HCR suka riƙa kwashe masu so zuwa garuruwa uku da ke nesa da bakin iyaka: Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wato uwa da yawa sau biyu ta yi ƙaura, ta farko da gudu cikin dare, ta biyu a bayan mota da kati a hannu.

Idan ana lissafin asarar ɗan gudun hijira, gona da shanu da rumbu ake ambata. Ba a cika sa hannayen da ke taya uwa raino a lissafin ba. A ƙauyenta, mai goyo ba ita kaɗai ke riƙon ɗanta ba. Uwar miji na tsakar gida, kishiya ko matar wa na karɓar jariri idan za a daka, yaron da aka yaye kuwa wurin kaka ake kai shi ya kwana biyu har ya manta nono. Hijira ta tarwatsa wannan tsari. Wata kakar ta ƙi tasowa, wata tana wani gari, mijin ko an kashe shi, ko yana hannun masu garkuwa, ko ya tafi cirani Maraɗi ko Agadas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ga shi an bar mata jinkar.

Don haka ranarta tun kafin asuba take farawa. Ta kai jarkoki layin famfo, ta dawo ta dama kunu, ta ɗaure ƙarami a baya, mai bi masa na riƙe da gefen zani. Sai surfe, sai kai niƙa idan akwai kuɗin inji, idan babu a koma turmi. Abin da ya fi cin lokaci shi ne itace. Dajin ba nata ba ne, gonakin na 'yan gari ne, kuma a wannan yanki bishiya tana da mai ita. Manoman Maraɗi, musamman wajen Ɗan Saga a gundumar Agye, sun yi suna wajen rainon tsiron itatuwa a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, kuma ba sa wasa da mai sara. Baƙuwa sai ta tsinci kara da ƙirare, ko ta yi nisa, ko ta saya. Kowanne da tsadarsa: nisa na nufin barin yara a hannun 'yar shekara bakwai ko takwas, wadda ita ma a ranar ta rasa makaranta.

Kasuwa ma sai an koya. Wadda ta saba da naira dole ta iya ƙirga sefa da dala: dala ɗaya faran 5 ce, dala ashirin faran 100, jaka ɗaya faran 1,000. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk a tukunyar irin waɗannan mata suka sauka: kaya sun yi tsada, ɗan aiken da dangi ke yowa daga gida ya yi wuyar isowa, idan ya iso kuma faɗuwar naira ta cinye rabinsa.

Akwai inda sabon wurin ya fi tsohon. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, duk da cewa ƙarancin magani kan sa a rubuto wa uwa takarda ta je ta saya. Da damina ana rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata. Ana kuma koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku. Idan ya nuna ja, tamowa ta yi tsanani, sai a garzaya asibiti. Ga matar da ta fito daga ƙauyen da ma'aikatan lafiya suka daina zuwa saboda tsoro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai jinyar tamowa mai tsanani, idan ta haɗu da wata cuta, kwanciya ce ta kwanaki a asibitin gunduma, kuma tambayar ita ce dai ta kullum: wa za a bar wa sauran yaran?

Amsar, inda aka same ta, daga matan ta fito. Maƙwabtaka ta dole ta zama zumunci: yau ke ki tsare yara ni in je itace, gobe mu juya. Adashi ya dawo. A Garin Kaka, mata 'yan gudun hijira da matan gari sun haɗu a ƙungiya guda suna matsar man gyaɗa suna sayarwa, sana'ar da mace za ta iya yi da goyo a bayanta. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma tana sayen sabulu da kayan miya, kuma ta nan baƙuwa ke samun wadda za ta kira idan naƙuda ta taso da tsakar dare.

Batun komawa gida yana nan a bakin manya, sai dai labarin da ke zuwa daga Sabon Birni da Isa da Zurmi bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Yaran da aka goyo a baya aka tsallako da su a 2019 yanzu 'yan lakwal ne, suna dawowa gida da ƙirgen Faransanci da uwar ba ta ji. Ƙannensu da aka haifa a nan kuwa, takardar haihuwarsu hatimin Nijar ne a kanta.