Abin da ya sa jifan 'yan ƙwallon kwando ke gazawa a ƙarshen wasa

Duk wanda ya saba kallon ƙwallon kwando a ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, gidan ƙungiyar Kano Pillars, ya san abin da kan faru a zango na huɗu. Ɗan wasan da ya yi ta zura ƙwallo tun farko, sai jifansa ya koma dukan bakin ƙarfen gaba. 'Yan kallo kan ce hannunsa ya mutu, alhali ƙafafunsa ne suka gaji.

Daga ƙasa jifa yake farawa. Ɗan wasa kan lanƙwasa gwiwa ya tashi sama, ƙarfin ya bi ta kwankwaso zuwa kafaɗa, wuyan hannu kuma ya ƙarasa saiti. Tsayin kwandon mita 3.05 ne, layin maki uku kuma mita 6.75, saboda haka hannu kaɗai ba ya kai ƙwallo can cikin natsuwa.

Wanda ya san kasuwar hatsi ta Dawanau ya san misalin wannan. Da safe ɗan dako da ƙarfin cinyoyinsa yake ɗaga buhu. Zuwa la'asar, in ƙafa ta gaji, sai baya da kafaɗa su karɓi aikin, tafiyarsa ta sauya. Haka mai jifa: tsallensa ya ragu, ya saki ƙwallon ƙasa da inda ya saba, sannan ya cike giɓin da turin hannu.

Sakamakon shi ne ƙwallon ta tafi a miƙe maimakon ta yi baka. Faɗin bakin kwando santimita 45 ne, ƙwallon maza kuwa kusan 24. Idan ta sauko daga sama, tana da sarari isasshe. Idan ta zo a kwance, ƙofar takan tsuke mata, kuskure kaɗan ya mayar da ita waje.

Zafin Kano na ƙara tsananta lamarin. A watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40, kuma asarar ruwan da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ta isa ta rage daidaiton jifa.

Shi ya sa masu horarwa ke sa 'yan wasa atisayen jifa bayan gudu mai tsanani, domin jiki ya saba riƙe tsarinsa cikin gajiya. Suna kuma ƙarfafa ƙafa, su tanadi ruwan sha, su yi canji a kan kari. Wasan minti 40 ne, zango huɗu na minti 10, kuma sau da yawa maki ɗaya ko biyu ke raba gardama. Idan jifa biyu a jere suka gaza kai wa, lokaci ya yi da mai horarwa zai hutar da ɗan wasansa.