Kumamoto, Inda Ake Mayar Da Kowane Dutse Mazauninsa

A tsibirin Kyushu, can kudancin ƙasar Japan, akwai lardin Kumamoto, inda baƙo zai ga tsohuwar fada da dutse mai aman wuta da wurin bauta, duk kusa da juna.

Wani sarkin yaƙi, Kato Kiyomasa, shi ya gama ginin fadar Kumamoto a 1607. Ya kewaye ta da ganuwar duwatsu wadda daga ƙasa sai ka ce za ta hawu, can sama kuwa ta miƙe tsaye. A 1877 'yan tawaye suka yi mata zobe fiye da kwana 50, ba su ci ta ba.

Gabas da fadar dutsen Aso yake. Ramin da amansa na zamanin da ya bari ya kai kilomita 25, dubban mutane na noma da kiwo a ciki, ga kuma wurin bautar Aso na addinin Shinto. Dutsen bai mutu ba, ko a 2021 ya yi amai.

To, abin da ya gagari mayaƙa, girgizar ƙasa ta yi shi a watan Afrilu 2016. Ganuwa ta zube, babbar ƙofar wurin bautar ta faɗi. Magina suka bi duwatsun suna sa musu lamba, suna duba tsofaffin hotuna don kowanne ya koma inda ya fito.

An sake buɗe hasumiyar fadar a 2021, aka gama ƙofar a 2023. Sauran aikin kuwa sai wajen 2052 ake sa ran ƙarewa. Da yawa daga maginan yau, yaran da suke koya wa sana'a ne za su ƙarasa musu.