Ko Kun Sani? Kankare Ma Yana Yin Miƙa

Ruwan da manoman shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure ke ban-ruwa da shi daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba inji ke turo shi ba, gangaren ƙasa ne kawai. Amma manyan magudanan da aka daɓe da kankare suna da cuta iri ɗaya da titin siminti, wato tsagewa.

Kankare yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Falle mai tsawon mita 10 kan motsa kusan milimita 3 idan zafi ya sauya da digiri 30. Shi ya sa magina ke yanka masa layi da gangan, don ya tsage inda aka zaɓar masa.

Ita tsagar ba ita ce babbar illa ba. Ruwan da ke zurara ta cikinta ne ke kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi, fallen ya zauna a kan rami, wata rana ya rufta. Ciyawa ma ta samu wurin kafa saiwa.

Gyaran ƙaramar tsaga ba wuya: a ɗan faɗaɗa bakinta, a kakkaɓe ƙura, a bari ta bushe, sannan a ɗura narkakkiyar kwalta ko roba mai talewa. Masu liƙe ta da siminti zalla kuwa, sun yi aikin baban giwa, domin zai sake darewa. Inda aka zuba sabon kankare, sai an yi ta jiƙa shi akalla kwana 7, musamman da hunturu.