Gyaran ƙwayoyin gado da matasan da ke bayan aikin

A watan Nuwamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da Casgevy, magani na farko da aka gina a kan fasahar gyaran ƙwayoyin gado mai suna CRISPR. A Disamban shekarar, Amurka ta bi sahu. Cutar da aka nufa ita ce sikila, wato amosanin jini, wadda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu fama da ita. An ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita a ƙasar nan duk shekara.

Asalin cutar harafi ɗaya ne tak da ya sauya, cikin haruffa kusan biliyan 3 da ke ƙunshe da bayanan halittar mutum. Wannan sauyi shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Abin sha'awa, Casgevy bai taɓa harafin ba. Jariri a cikin mahaifa yana da nasa nau'in sinadarin himoglobin wanda ba ya lanƙwashewa, amma bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A takan dakatar da samar da shi. Sai likitoci su ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a datse makunnin BCL11A a ɗakin gwaje-gwaje, a mayar masa da su, jikinsa ya koma yin jinin jarirantaka.

Hanyar ba ta da sauƙi. Dole a fara share ɓargon majiyyaci da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa, sannan ya yi makonni a asibiti. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ina iyayen da ke neman kuɗin ledar jini da tsakar dare za su samo wannan?

Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna ne suka karɓi kyautar Nobel a 2020, amma sunan da ke kan gaba a maƙalarsu ta 2012 shi ne Martin Jinek, matashin da ya kammala digirin digirgir yake ƙarin bincike a ƙarƙashin Doudna a Jami'ar Kalifoniya. Haka Alexis Komor, a ɗakin binciken David Liu na Harvard, ta jagoranci aikin 2016 da ya nuna yadda za a musanya harafi guda ba tare da an yanke zaren DNA gida biyu ba. Andrew Anzalone ya ƙara faɗaɗa dabarar a 2019, shi ma yana wannan mataki. Shekaru biyu zuwa biyar ne ake ba sabon dakta albashi da kayan aiki, a ɗauke masa nauyin koyarwa, ya fuskanci tambaya ɗaya.

A yawancin jami'o'inmu wannan mataki kusan babu shi. Da zarar mutum ya kare kundinsa, sai a ɗora masa aji mai ɗalibai ɗari biyar, da haɗa sakamakon jarrabawa, da zaman kwamitoci. Wanda ya samu gurbi a waje kuwa, in ya dawo sai ya tarar da ɗakin gwaji da ba ya samun wutar da za ta riƙe firji. Ba a yi masa adalci ba idan aka zarge shi da komawa.

Ba ina cewa mu jingine abin da ke hannunmu ba ne. Gwajin jini kafin aure, da gwajin jarirai, da wadatar maganin haidroksiyuriya za su ceci rayuka masu yawa tun yau. Sai dai binciken yana tafiya ne zuwa ga allurar da za ta yi gyaran a cikin jiki ba tare da share ɓargo ba, kuma a 2019 Cibiyoyin Lafiya na Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alƙawarin dala miliyan 200 domin samar da irin wannan magani mai rahusa ga sikila da ƙanjamau. Za a buƙaci gwada shi a inda majiyyata suke. Asusun TETFund na iya ware guraben shekara uku ga sababbin daktoci a fannin ƙwayoyin gado, a haɗa su da asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tare da sharaɗin cewa ba za a ba su aji ba har wa'adin ya cika.