Zancen Sababbin Rumfunan Abinci A Sabon Birni Da Isa

Wanda duk ya sauka tashar mota ta Sabon Birni ko ta Isa a 'yan shekarun nan, in dai ya san garuruwan nan tun dā, lalle zai ga abin da bai saba gani ba, watau yawan rumfunan sayar da abinci, wannan ta zana, waccan ta kwano, wata kuwa inuwar itace ce kurum da murhu da benci guda.

A zamanin iyayenmu, falke in ya taso daga Maraɗi ko Tsibiri da kaya, ba ya tunanin inda zai ci tuwon dare. Yana da mai masauki, shi ke ba shi ɗaki, shi ke nemo masa mai saye, daga cikin gidansa kuma akushi ke fitowa, ladan wannan duka yana cikin la'ada. Abincin saye kuwa bai wuce furar Fulani da hoce da masa da tsiren mahauta ba, sai 'yan tuwo-tuwo a gefen kasuwa, waɗanda dattijo ba ya son a gan shi zaune wurinsu. Malamai sun san asalin wannan kunya, gama malaman fiƙihu sun lissafta ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage muru'a, har ya taɓa karɓar shaidar mutum. Amma su ɗin ne kuma suka ce al'amarin muru'a yana bin al'adar wuri da zamani, suka yi rangwame ga baƙo da wanda larura ta kama.

To, larura kuwa ta zo. Ran 27 ga Mayu 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, suka kashe mutum fiye da 70. A watan Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Unguwar Lalle, a Disamba na wannan shekara kuma aka ƙone matafiya cikin motarsu a hanyar da ta fito daga Sabon Birni. A 2024 aka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun miyagu. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Mutanen ƙauye suka watse, waɗansu suka ƙetare zuwa ƙasar Gidan Rumji cikin Nijar, waɗansu suka taru cikin manyan garuruwa. Matar da aka kashe mijinta, aka kore shanunsu, gona ta gagari zuwa, me ya rage a hannunta? Tukunya da muciya da sanin girki. Da yawa daga cikin rumfunan nan wannan ne asalinsu, kada mai wucewa ya ɗauka arziki ne ya ƙaru a garin.

Masu ci ma sun yawaita ta wannan hanya. Direba da kan yi sammako ya kwana Sakkwato, yanzu sai ya jira rana ta ɗaga, motoci su taru, sa'an nan a kama hanya, in la'asar ta yi masa a gari kuwa nan zai kwana. Ga 'yan gudun hijira maza da suka bar iyali wani wuri, ga ma'aikatan tsaro, ga 'yan acaɓa. Mai masauki da dā ke ciyar da baƙo goma, yau gidansa cike yake da dangin da suka gudo.

Abin da ake dafawa shi ma ya sāke. Tuwon dawa da miyar kuka suna nan, da ɗanwake, da kifin gulbi in an samu, amma shinkafa da wake da mai da yaji su suka fi tafiya, domin sun fi saurin sayuwa. Samari kuwa sun koma teburin mai shayi, burodi da ƙwai da Indomie. Abin da ya fi ba ni tausayi fura ce. Ƙasar da aka san ta da kindirmo, yau sau da yawa da madarar gari ake dama fura, don garken da ke ba da nonon ya tafi. Wanda ya sha ta dā ya san bambanci tun daga ludayin fari.

Kada kuwa a zaci riba ce mai yawa. An rufe iyaka a watan Agusta 2019 har ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, a shekarar nan kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, tiyar hatsi ta bi shi. Mai tuwo ba ta iya ƙara kuɗin malmala kullum, sai ta rage girmanta, mai saye ya yi gunaguni. Sa'an nan ga bashi. Mutum ya ci yau, ya ce sai ran kasuwa, ran kasuwa ta zo ya bi ta wata hanya, alhali ita ma bashin dawar ta ɗauko wurin ɗan kasuwa. Ya ku 'yan'uwa fatake, kuɗin tuwon marainiya ba abin mantuwa ba ne, malamai kuma ya kamata su faɗi wannan a wurin karatu yadda suke faɗin hukuncin tauye mudu.

Su ma masu rumfa akwai magana a kansu. Ba mu manta da amai da gudawa na 2021 ba, wanda ya ɗauki rayuka a jihar Sakkwato. Ruwan wanke kwano guda tun safe har azahar, da abinci a buɗe ƙuda na sauka, ba su dace da mai neman halali ba. Haka kuma 'yan mata ƙanana da ake aikawa da kwanon talla cikin tasha har bayan isha'i. Na ji wani malami ya tsaya kan wannan da zafi, gaskiya kuwa ya faɗa, sai dai uwar yarinyar ta aiko masa da tambaya, in ta zaunar da ita gida, wa zai kai abincin wurin direbobi, tun da ita tana bakin murhu? Malam ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara da mai unguwa.